Abu Raihan Al-Biruni: Malamin Da Ya Hau Dutse Ya Auna Duniya

A kakar da ta gabata na je gida Dayi, lokacin da aka gama karyar masara ana shirin yankan dawa. Bayan sallar isha'i muka zauna a ƙofar gida kamar yadda aka saba, mu kusan goma, cikinmu akwai malamin sakandare da ma'aikacin lafiya da wani abokina injiniya da ya biyo ta kan hanyarsa daga Kano zuwa Funtuwa. Ana cikin hira sai ɗan ƙanwata, saurayi da ya kammala difloma, ya matso kusa da ni ya miƙo mini wayarsa, ya ce Kawu ya kamata in ga wani abu. Bidiyo ne na wani mutum da ke rantsuwa cewa duniya shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, wai maganar mulmulewarta ƙarya ce da Turawa suka ƙulla domin su raba Musulmi da Littafinsu. Da bidiyon ya ƙare yaron ya tambaye ni ra'ayina cikin ladabi. Na dubi abokan zamana, kowa ya yi murmushi ya kau da kai. Ni ma na yi ɗan wasa da maganar, na ce dare ya yi, muka tashi.

Tun daga ranar shirun nan nawa yake damuna. Na san amsar, abokan zamana ma sun sani, amma babu wanda ya so a ce ɗan boko ya zo ƙauye yana ja da addini. To, mai karatu, batun ba na dariya ba ne a ƙasar nan. A watan Janairun 2001 an yi husufin wata, wasu matasa a Maiduguri suka fita suka ƙona otal-otal da gidajen giya bisa zargin cewa zunuban masu su ne suka jawo abin. A 2009 kuma, cikin hirar da BBC ta yi da Muhammad Yusuf, jagoran ƙungiyar da aka fi sani da Boko Haram, ya lissafa mulmulewar duniya da samuwar ruwan sama daga tururi cikin abubuwan da yake ganin sun saɓa wa imani. Kowa ya san abin da ya biyo baya a kan makarantu da ɗalibansu. Ba ina nufin duk yaron da ya yi shakka zai bi wannan hanya ba. Sai dai masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka na ga ya dace in biya bashin da ke kaina ta hanyar kawo tarihin wani malami Musulmi da ya amsa tambayar ɗan ƙanwata shekara dubu da suka wuce.

An haifi Abu Raihan Muhammad bn Ahmad Al-Biruni a shekarar 973 Miladiyya, daidai da 362 Hijiriyya, a gefen birnin Kath, babban birnin ƙasar Khawarizm da ke bakin kogin Jaihun, a yankin da a yau yake cikin Uzbekistan. A matsayina na ɗalibin harshe, laƙabinsa ya daɗe yana burge ni. Bahaushe idan ya ji Biruni zai zaci ɗan birni ake nufi, alhali kalmar birun a Farisanci tana nufin waje. Ke nan da a Kano aka haife shi, da mutumin Waje za a kira shi, ba na cikin ganuwa ba. Haka kuwa rayuwarsa ta kasance, domin shekaru masu yawa daga cikinta a baƙunci ya yi su. Harshen da ya tsotsa a nono shi ne Khawarizmanci, Larabci da Farisanci kuwa koyonsu ya yi, kuma da su ya yi rubutu.

Allah Ya haɗa shi tun yana yaro da Abu Nasr Mansur bn Iraƙ, wani ɗan gidan sarautar ƙasar wanda kuma gwani ne a lissafi da ilimin falaki. A hannunsa ya koyi karatun littattafan Girkawa da aka riga aka fassara zuwa Larabci a Bagadaza. Yana ɗan shekara 17, wato a 990, ya auna tsayin rana a sararin sama da tsakar rana, ya fitar da nisan birnin Kath daga layin da ya raba duniya biyu. A 995 rikicin sarauta ya ɓarke, gidan da ya rene shi ya faɗi, ya bar kayan awonsa ya gudu. Ya zauna a Rayy, kusa da Tehran ta yau, cikin talauci har wasu masu duba suna yi masa izgili saboda ba shi da komai. A can ne ya sadu da Al-Khujandi, wanda ya gina wata ƙatuwar na'urar awon rana a bayan gari, ya nazarci na'urar ya rubuta bayaninta.

Da ƙura ta lafa ya koma gida, kuma a ranar 24 ga Mayu 997 ya yi wani aiki da ya shafi batunmu kai tsaye. Sun yi wasiƙa da Abul Wafa Al-Buzjani, babban masanin lissafi na Bagadaza, suka shirya cewa kowannensu zai lura da husufin wata na wannan dare daga garinsu, ya rubuta lokacin da ya faru bisa agogon wurin. Husufin wata abu ne da duk mai ganin watan yake gani a lokaci guda. Da suka gwama abin da suka rubuta sai suka tarar agogon Kath ya riga na Bagadaza da kimanin sa'a guda. Rana na kewaya digiri 360 a sa'a 24, wato digiri 15 a kowace sa'a, saboda haka suka san tazarar garuruwan biyu daga gabas zuwa yamma. Da ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, da rana ta fito wa kowa a lokaci ɗaya, ta faɗi a lokaci ɗaya. Mu ma shaidu ne a kan wannan, domin duk wanda ya kalli buɗa-baki a Masallacin Harami ta talabijin a watan azumi ya san cewa mutanen Makka na shan ruwa mu a nan muna da sauran kimanin sa'a biyu da rana a sama.

Ina tuna wani husufi da aka yi ina ɗan firamare a Dayi. Muka fita da gwangwanaye da kwanoni muna kaɗawa muna zagaya gari, wai rana ce ta kama wata muna roƙon ta sake shi, manya kuma suna masallaci suna sallah. Babu wanda ya ce mana mu ɗaga kai mu dubi siffar inuwar da ke cin watan. Inuwar duniya ce, kuma gefenta a lanƙwashe yake a kowane husufi, ko da magariba ya faru ko da tsakar dare ko da asuba. Faifai na iya ba da inuwa mai kewaye idan ya fuskanci fitila sosai, amma da zarar an karkata shi sai inuwarsa ta zama siririya. Dunƙulallen abu kamar curin fura ne kaɗai inuwarsa ba ta sauya siffa ta kowace fuska. Aristotal ya kawo wannan hujja tun ƙarni na huɗu kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma Al-Biruni ya san ta sarai.

A wajen wannan lokaci ne ya yi musayar wasiƙu da wani saurayi ɗan Buhara wanda Al-Biruni ya girme shi da shekara bakwai, wato Ibn Sina. Al-Biruni ya jera masa tambayoyi masu kaifi a kan ra'ayoyin Aristotal game da sama da haske da zafi, kuma inda amsar ba ta gamsar da shi ba ya faɗi haka ba kwana-kwana. Wannan ya nuna cewa bai karɓi maganar Girkawa don su ne suka faɗa ba. Wajen shekarar 1000 yana fadar Sarki Ƙabus a Jurjan, inda ya rubuta Al-Asarul Baƙiya, littafin da ya tattara kalandar Farisawa da Yahudawa da Kiristoci da Larabawan jahiliyya da Musulmi da mutanen ƙasarsa, ya nuna yadda ake juya kwanan wata daga wannan zuwa waccan. Daga baya ya koma Khawarizm ya zama na hannun daman sarki a birnin Gurganj, har shekarar 1017 da Sarki Mahmud na Gazna ya ci ƙasar da yaƙi ya kwashe malamanta zuwa babban birninsa da ke Afganistan ta yau. Al-Biruni yana cikinsu, yana ɗan shekara 44, kuma tafiyar ba da son ransa ba ce.

Wani hanin ga Allah baiwa ne. Yaƙe-yaƙen Mahmud sun buɗe masa hanyar Indiya, kuma a can, a wata ganuwa mai suna Nandana da ke lardin Punjab na Pakistan ta yau, ya yi awon da ya fi shahara da shi. Ba shi ne ya fara auna girman duniya ba. Eratostenis ya yi haka a Masar wajen shekara 240 kafin Miladiyya ta hanyar gwama inuwa a Aswan da Iskandariyya. Halifa Ma'amun kuma wajen 830 ya tura masana cikin filin Sinjar, suka yi ta tafiya kudu da arewa suna auna ƙasa har tsayin taurari ya sauya da digiri ɗaya, suka samu mil 56 da ɗoriya na Larabawa. Al-Biruni ya taɓa yunƙurin maimaita wannan aiki amma bai samu mataimaka ba. Sai ya koma ga wata dabara da ba ta bukatar ayari, wadda shi da kansa ya ambata cewa Sanad bn Ali ya taɓa gwada ta a zamanin Ma'amun.

Ga yadda dabarar take. Mutumin da ke tsaye a fili yana ganin bakin sama, wato inda sama ke kamar ta taɓa ƙasa, daidai saitin idonsa. Idan ya hau dogon dutse, sai ya ɗan sunkuyar da ido kafin ya ga bakin saman, domin ƙasa ta lanƙwasa ta gangara daga gare shi. Girman wannan sunkuyawa ya dogara ne a kan abu biyu, tsayin dutsen da girman duniya, saboda haka wanda ya san tsayin dutsen ya kuma auna kusurwar zai iya lissafa na ukun. Kusa da Nandana akwai dutse da ke fuskantar shimfiɗaɗɗen fili. Al-Biruni ya auna tsayinsa da lissafin kusurwoyi daga ƙasa ya samu zira'i 652 da ɗan kaɗan, zira'i kuwa shi ne abin da muke kira kamu. Ya hau samansa ya auna sunkuyawar ya samu kashi 34 cikin 60 na digiri ɗaya. Daga nan ya fitar da nisan da ke tsakanin doron ƙasa da cibiyarta, wanda idan aka juya zuwa ma'aunin yau ake samun kimanin kilomita 6,340. Awon zamani ya ba da 6,371.

Gaskiya ta wajabta in ƙara da cewa akwai sa'a a cikin wannan dacewa. Kusurwar ƙarama ce ƙwarai, iska na ɗan karkatar da haske, kuma tsawon zira'i ya bambanta daga gari zuwa gari. Shi kansa bai yi alfahari da sakamakon ba. Da ya ga ya yi kusa da na mutanen Ma'amun sai ya ɗauke shi a matsayin tabbaci, ya ci gaba da aiki da nasu saboda yana ganin kayan awonsu sun fi nasa inganci. Abin lura a nan shi ne, a zamaninsa malaman falaki na Musulmi sun wuce gardama a kan siffar duniya, girmanta suke ƙoƙarin tantancewa.

Me ya sa ya sha wannan wahala? Amsar tana cikin littafin da ya kammala a 1025, Tahdidu Nihayatil Amakin, wanda babban burinsa shi ne fitar da alƙiblar birnin Gazna daidai. Mutum ba zai san inda Ka'aba take daga gari mai nisa ba sai ya san matsayin garinsa da na Makka a kan dunƙulen duniya, sannan ya yi lissafin kusurwa a kan abu mai lanƙwasa. Mu Hausawa mun haɗa alƙibla da gabas a kalma guda, har idan aka ce mutum yana kallon gabas an san mai sallah ne. Amma daga Dayi, wadda ke kimanin digiri 12 arewa da layin tsakiyar duniya, alƙibla ta karkata daga gabas sak zuwa arewa da kimanin digiri 21. Manhajar alƙibla da ke cikin wayar ɗan ƙanwata, wadda yake buɗewa duk inda ya sauka a tafiya, da irin lissafin Al-Biruni take aiki. Wayar da ta nuna masa bidiyon ita ce kuma take daidaita masa sallah bisa mulmulalliyar duniya sau biyar a rana.

A Indiya ya yi abin da ba a saba gani ba ga wanda ya zo tare da rundunar da ta ci gari. Ya haura shekara 40 amma ya durƙusa ya koyi Sanskirit, harshen malaman Hindu, ya karanta littattafansu, ya fassara wasu zuwa Larabci. Wajen 1030 ya kammala Tahƙiƙu Ma Lil Hind, mai babi 80, inda ya bayyana addininsu da lissafinsu da dokokinsu da al'adunsu kamar yadda suke faɗa da bakinsu, kuma bai ɓoye cewa hare-haren Mahmud sun rusa arzikin ƙasar sun cusa wa mutanenta ƙin Musulmi ba. A cikin littafin akwai wurin da ya fi taɓa ni. Talakawan Indiya da limamansu sun yi imani cewa wani dodo mai suna Rahu ne ke haɗiye wata ko rana a lokacin husufi. Babban masaninsu Barahmagupta, wanda ya rubuta littafinsa na falaki a 628, ya san ainihin dalilin husufi, har yana lissafa shi da girman inuwar duniya, amma a wani wuri ya goyi bayan labarin dodon ya soki masu musa shi. Al-Biruni ya yaba iliminsa, sannan ya zarge shi da faɗin abin da ya san ba haka yake ba, ya kuma yi masa uzurin cewa wataƙila tsoron abin da jama'a za su yi masa ne ya sa. Da na sake karanta wannan wuri bayan dawowata daga Dayi, kaina na gani, da malamin sakandaren, da injiniyan.

Irin zargin da muke tsoro shi ma ya gamu da shi. A littafinsa na inuwa, wanda ya yi bayanin yadda ake gane lokutan azahar da la'asar da tsawon inuwar sanda, ya ba da labarin wani mutum da ya ƙi amincewa da wata na'urar sanin lokacin sallah saboda an zana sunayen watannin Rumawa a jikinta, yana mai cewa koyi da kafirai ne. Al-Biruni ya tuna masa cewa Rumawa suna cin abinci, sai ya daina ci idan gudun koyi da su yake yi. Lissafi ba shi da ƙabila. Lambobin da muke rubuta kuɗin masara da su a kasuwa daga Indiya suka fito, Larabawa suka kai su Turai, kuma babu wanda ya taɓa ƙin karɓar cinikinsa saboda haka.

Ya kamata a yi wa masu shakka adalci, domin shakkar tana da asali a karatunmu na gida. Tafsirin Jalalaini shi ne aka fi karantawa a masallatanmu da azumi, kuma a sharhin Suratul Gashiya, Jalaluddin Al-Mahalli, wanda ya rasu a 1459, ya rinjayar da cewa zahirin ayar na nuna ƙasa a shimfiɗe take saɓanin abin da malaman falaki ke faɗa. Sai dai shi da kansa ya ƙara a wurin cewa ra'ayin malaman falakin bai rushe wani rukuni na shari'a ba. Kafin shi, Ibn Hazm na Andalus, wanda ya yi zamani da Al-Biruni ya rasu a 1064, ya tabbatar da mulmulewar duniya ya kuma kafa hujja da Alƙur'ani. Fakhruddin Ar-Razi, da ya rasu a 1210, ya bayyana cewa ƙwallo idan ta yi girma ƙwarai kowane yankinta zai zama kamar shimfiɗa ga wanda ke kansa. Ibn Taimiyya, da ya rasu a 1328, shi ma ya tabbatar da haka. Duk waɗannan sun rasu kafin jirgin Bature ya kewaya duniya a 1522.

Harshenmu ma ya ba da gudummawa ga ruɗanin. Muna da ƙasa, wadda muke takawa muke nomawa, muna kuma da duniya, wadda muka aro daga Larabci muke nufin rayuwar nan da ita kafin lahira. Ƙasa a shimfiɗe take ga manomi, kuma gaskiya ne, ni'ima ce ta Ubangiji. Da aka zo koyar da labarin ƙasa a makarantun boko sai aka ɗora wa kalmomin biyu sabon nauyi ba tare da an tsaya an bambance su ba, aka kuma riƙa cewa duniya a zagaye take, alhali faifai ma a zagaye yake. Yaron da aka koya wa abu da Ingilishin da bai gama ji ba, ya haddace don jarrabawa, bai taɓa kafa sanda ya auna inuwa ba, zai watsar da shi ranar da wani ya zo masa da akasinsa cikin Hausa mai daɗi.

A nan ne nake da saɓani da malamin. A littafinsa na ƙarshe ya nuna cewa harshensa na gado bai dace da rubuta ilimi ba, Larabci ne ya dace. Larabci ya kai sunansa ko'ina, amma Khawarizmanci ya mutu ƙarnoni kaɗan bayansa, sai ɗan abin da masana ke tsinta a gefen littattafan fiƙihu da ƙamus. Darasi ne gare mu masu digiri da ke jin nauyin bayyana fannoninmu da Hausa. Shi kansa ya san amfanin sauƙaƙawa, domin a 1029 ya rubuta At-Tafhim, littafin koyon lissafi da falaki cikin tambaya da amsa fiye da 500, saboda wata ɗaliba mai suna Raihana bint Al-Hasan, kuma littafin ya iso gare mu da Larabci da Farisanci. Haka nan ba komai ya dace da shi ba. Ya san cewa wasu masanan Indiya sun ce duniya ce ke juyawa, ya yarda cewa lissafin falaki zai tafi daidai ko da an ɗauka haka, amma a ƙarshe ya tsaya a kan cewa a tsaye take. Ya yi kuskure, sai dai ya ajiye hujjojin ɓangarorin biyu a fili yadda na baya za su iya gyara shi.

Bayan rasuwar Mahmud a 1030 ya samu sauƙi a hannun ɗansa Mas'ud, wanda ya sadaukar wa babban kundinsa na falaki, Al-Ƙanunul Mas'udi. A farkon kundin ya jera hujjojin mulmulewar duniya kafin ya shiga lissafi. Yaƙut Al-Hamawi ya ruwaito cewa sarkin ya aika masa da azurfa kayan giwa guda, ya mayar da ita baitulmali ya ce ba ya bukata. Daga baya ya rubuta littafi a kan duwatsu masu daraja da ƙarafa, inda ya auna nauyinsu da ruwa, sannan da tsufa ya kama shi, ido da kunne suka raunana, ya haɗa littafin magunguna yana kawo sunan kowane tsiro da harsuna da dama. Ayyukansa sun haura 140, amma waɗanda suka tsira ba su kai 30 ba. Ya rasu a Gazna wajen shekarar 1050. Yaƙut ya kawo cewa wani malamin fiƙihu ya je duba shi yana gargarar mutuwa, sai Al-Biruni ya tambaye shi wata mas'ala ta gadon kakanni mata. Malamin ya yi mamakin tambaya a irin wannan hali, shi kuwa ya nuna masa cewa ya fi son ya bar duniya yana sane da ita. Malamin bai yi nisa da gidan ba ya ji kuka.

Kada a ce wannan gadon na mutanen nesa ne. Ƙasar Katsina ta haifi Muhammad bn Muhammad Al-Fulani Al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan Al-Jabarti, shi ma malamin falaki, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Manomanmu har gobe suna lissafin damina da taurari. Direban da ke zirga-zirga tsakanin Ikko da Agadas, idan mai lura ne, zai ga tauraron arewa yana ɗagowa daga kimanin digiri 6 a bakin teku, zuwa 12 a wajenmu, zuwa 17 a bakin Sahara, kuma hakan ba zai yiwu ba sai a kan ƙasa mai lanƙwasa.

Na yi wa ɗan ƙanwata waya na ba shi haƙuri, na kuma yi masa alkawarin za mu yi awon tare. Sau biyu a shekara rana na tsayawa daidai saman Ka'aba, a ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan lokaci sandar da aka kafa a tsaye a Makka ba ta da inuwa. A Dayi kuwa sanda mai tsawon mita ɗaya za ta ba da inuwa kimanin santimita 63, wato rana ta karkata daga tsakar ka da digiri 32, kuma wanda ya tsaya a kan inuwar ya fuskanci sandar ya fuskanci alƙibla. Tsakaninmu da Makka kimanin kilomita 3,570 ne. Digiri 32 kashi ɗaya ne cikin 11 da kwata na cikakkiyar da'ira, idan aka ninka sai a samu kusan kilomita 40,000, wanda shi ne tsawon kewayen duniya. Wanda ya ce ai rana ce ke kusa shi ya sa inuwar ta karkata, sai ya nemi wani a Dakar ya yi awon a lokaci guda, zai tarar lissafin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya ba rana ɗaya tsayi biyu mabambanta, na mulmulalliya kuwa ya daidaita.

Sanda da igiya da ma'auni kawai ake bukata, kuma kowace firamare da Islamiyya daga Funtuwa zuwa Malumfashi tana da su. Ina kira ga malaman makarantu da limamai da 'yan uwana masu ilimin zamani da mu fitar da yaranmu fili a waɗannan ranaku, mu yi musu bayani da Hausa, mu gyara alƙiblar masallatanmu a lokaci guda, mu kuma gaya musu sunan malamin da ya hau dutse a Nandana. Gani ya kori ji. Allah Ya jiƙan Abu Raihan, Ya yafe masa kurakuransa, Ya ba mu ilimi mai amfani da ƙarfin halin faɗinsa a gaban jama'a, amin.